Hannu a Kafaɗa

A ƙungiyarmu ta masu busa algaitar jaka, wato algaita mai jakar iska da ake matsewa a hammata, ba a cire mutum da baki. Gab da shiga filin gasa, shugaba kan zaga ta bayanmu yana saurare, wanda ya ji yatsunsa na tuntuɓe sai ya dafa masa kafaɗa. Shi ke nan, ka koma bayan igiya ka yi kallo tare da baƙi masu ɗaukar hoto. Bara ni aka dafa. Shugabar da ta dafa ni kuwa 'yar cikina ce, Ishbel, da na koya wa matse jaka tun tana famfarar haƙori.

Na ji ciwo, ba zan ɓoye ba. Har gaisuwarta na daina amsawa. Sai dai gaskiya ɗaci gare ta: ƙaramin yatsana na dama ya fara sandarewa, kuma shi ne mai kaɗa gargadar da ke cikin takenmu, wurin da sauti ke karkarwa da sauri. Na rantse bana sai na shiga filin nan da ƙafata, ko da shi ne na ƙarshe.

Hunturu duka a rumbun itace na ƙare shi ina gwajin busa, don matata Effie ta kore ni daga ɗaki.

"Murdo, ka ji tausayin tumakin maƙwabta," in ji ta. "Sun daina kiwo saboda kai."

"Su yi ta ramewa," na ce.

Ranar wasannin ƙauyenmu gari ya waye da yayyafi, ga iska daga tafki tana shiga ƙarƙashin siket ɗin ulu, kayan gargajiyar mazanmu, ba sallama. Sanyi kuwa shi ne abokin gabar yatsana. Na je wajen mai gasa dankali na sayi biyu masu zafi, na jefa ɗaya a kowace aljihu, na cusa hannuwa. Dougal mai babbar ganga, abokina tun makaranta, ya hango ni.

"Tsoho, guzurin zaman bayan igiya ne?"

"Kai dai ka ji da tumbinka, har yau ba a gane wanne ne tumbin, wacce ce gangar ba."

Muka yi da'ira bayan rumfar masu shayi, muka hura jakunkuna, muka ɗauki take. Ishbel ta fara zagaye. Ina jin takunta a jiƙaƙƙiyar ciyawa har ya zo bayana ya tsaya. Ta ɗaga hannu, kowa ya yi tsit.

"Baba, maimaita mini wurin nan. Kai kaɗai."

Ka ji 'yar yau! A gaban mutane, har da jikokina da ke leƙe ta gefen rumfa.

"In alfarma za ki yi mini, riƙe abarki," na ce.

"Alfarma a gida take. Busa."

Na matse jakar da gwiwar hannu. Ruwa na gangarowa daga bakin hulata. Na iso gargadar, na ce wa yatsan nan a raina, yau ko ni ko kai. Ya sauka, ya tashi, ya sake sauka, tas, ba ko gardama. Na kai ƙarshe na saki bututun daga bakina, na tsaya ina jiran nauyin hannu.

Ba ta ce madalla ba, ba ta ko dube ni ba. Ta wuce abinta zuwa bayan na kusa da ni, kamar ba ta taɓa sanina ba.

Mai shela ya kira sunan ƙauyenmu a lasifika. Muka ja layi, Dougal ya daki ganga, muka taka zuwa fili. Wallahi tunda nake a duniya, ba a taɓa yin biris da ni na ji daɗi irin na ranar ba.