Sammacin da Ya Iso Rumbun Zuma

Ina cikin jera kwalaben zuma a kwali wani mutum ya shigo rumbunmu da ke bayan garin Buffalo, ya tambaya ko ni ne Wendell Pruitt. Na ce ni ne. Ya miƙo mini sammaci daga kotun tarayya, ya juya ya fita.

Wata makauniya ce a birnin New York, Yolanda Treadwell, ta kai mu ƙara. Ta ce ta shiga shafinmu na intanet za ta sayi zuma, manhajar da ke karanta mata rubutu da murya ta kasa gane komai, kuma wannan wariya ce a doka. Mu ko ba mu da kanti, duk cinikinmu a shafin nan yake.

Yayata Corinne, wadda muke sana'ar tare, ta karanta takardar a tsaye.

"'Yan damfara ne," in ji ta. "Na rantse matar nan ko zuma ba ta sha."

"Yaya, kotu ce fa."

"Kai dama tun kana yaro kare ya yi haushi sai ka haye tebur."

Duk da haka ita ta fara kiran lauya. Lauyar, Madam Abramowitz, ta ce irin wannan ƙara ta yi yawa yanzu, wasu lauyoyin ma ita ce abincinsu.

"Amma ko da gaske ta zo saye ko ba da gaske ba, shafinku alƙali zai duba," in ji lauyar. "Ku faɗa mini. Makaho zai iya sayayya a cikinsa?"

Muka kalli juna. Ba mu taɓa tambayar kanmu ba.

Lauyar ta ci gaba: "Kuma ko kun sasanta da ita, in ba ku gyara ba, gobe wani zai kawo tasa ƙarar."

Daga ranar abinci ya daina shiga mini. Ga Kirsimeti ta ƙarato, lokacin da muke cinikin da ke riƙe mu shekara. Na yi tunanin rufe shafin baki ɗaya, Corinne ta ce sai dai bayan ranta.

Ran Lahadi muka je cin abinci gidan Baba, wanda ciwon sukari ya cinye masa ido. Corinne tana yayyanka gasasshiyar kaza tana ta zagin matar da ta kai mu ƙara. Baba ya bari ta gama.

"Ai ni ma na gwada," ya ce.

"Gwada me, Baba?" in ji Corinne.

"Sayen zumarku. Na so in aika wa limamin cocinmu. Wayar ba abin da take cewa sai hoto, hoto, maɓalli. Da ƙyar na lallaɓa har wurin biya, sai aka ce in zaɓi hotunan da ke da fitilar kan titi, wai don a tabbatar ni mutum ne ba na'ura ba."

"Me ya hana ka faɗa mana?" na tambaye shi.

"Kuna ta murnar sabon shafi. Sai na roƙi maƙwabciya ta saya mini."

Corinne ta ajiye wuƙar.

Muka ɗauki wani masani ya gyara tsarin shafin, Corinne kuma ta zauna tana rubuta wa kowane hoto bayanin da manhajar makafi za ta karanta: zumar furen daji, baƙa, rabin lita. Har yau tana cewa Yolanda ba zuma ta zo nema ba. Ni ban sani ba, ba mu taɓa ganin matar ba.

An sasanta bayan sanyi ya wuce, da sharaɗin wani mai bincike makaho zai riƙa gwada shafin lokaci-lokaci, in ya sami cikas a koma kotu. Wata mai zuwa zai fara. Jiya Corinne ta gano hotunan kyandir ɗin kakin zuma da muka fara sayarwa bara ba su da bayani, nan take ta fasa tafiyar hutun da ta shirya.