Sabis a Ɗakin Baffa Gidaɗo

Karo na huɗu ke nan da Malam Hambali ya hau tsanin nan tun hantsi, kuma har yanzu 'yar fitilar da ke gaban akwatin ja take nunawa. Ya tsaya a saman soron maƙwabcinsa, gumi na bin bayansa, ya ɗaga akwatin da hannu ɗaya yana juya shi gabas da yamma. Daga nan yana hango kanal ɗin da ya ratsa bayan gari, da gonakin tumatir da aka kusa gama tsinka, can nesa kuma wajen titin Zariya ga dogon ƙarfen kamfanin waya, shi kaɗai ne abin sa rai a duk yankin.

"Malam, ya kama?" Inna Saude ta tambaya daga tsakar gida.

Ya ce mata saura kaɗan. Abin da ya faɗa mata ke nan jiya, shi ya faɗa shekaranjiya.

Akwatin nan rauta ake ce masa. Ibrahimu, ɗan gidan da ke karatu a Maleshiya, shi ya aiko da ita ta hannun wani abokinsa, haɗe da kwamfutar cinya da wani ɗan modem kamar babban yatsa. A takardar da ya haɗo ya yi bayani: modem zai jawo intanet daga ƙarfen kamfani, rauta kuma ta watsa shi cikin gida ba tare da waya ba, sai a ɗauki kwamfuta a kai ɗakin da mahaifinsa Baffa yake kwance, ya ga uban, uban ma ya gan shi. Hambali lissafi yake koyarwa a sakandare a Kura. Don ya taɓa yin kwas ɗin kwamfuta na wata uku a Kano, unguwa ta ɗauka babu na'urar da za ta gagare shi. Shi kuwa bai taɓa riƙe rauta ba sai wannan makon.

Baffa Gidaɗo da shanu ya zo garin, shekarun da aka fara sako ruwa a kanal. Ya ga ciyawa shar a tsakiyar rani, ya sauke kaya bai sake ɗaurawa ba. Ya samu gona, ya koyi shinkafa da damina, alkama da tumatir da rani, amma bai taɓa rabuwa da 'yan shanu a bayan gida ba. Ibrahimu ne ɗansa na fari, don haka shi da Inna Saude ba sa kama sunansa. "Yaron nan" suke cewa. Shekara shida da suka wuce yaron nan ya samu gurbin ƙaro karatu a waje, daidai lokacin da uban yake shirin danƙa masa gona da garke. Baffa bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi wanda ya tafi ya tafi. Tun daga ranar, duk sanda Ibrahimu ya kira wayar uwarsa, sai Baffa ya tuna akwai abin da zai duba wajen shanu.

Yanzu ba ya iya tashi ya duba komai. Ƙoda ce. Mako uku ke nan da asibiti a Kano suka ce a koma da shi gida a ci gaba da addu'a. Ibrahimu kuma saura kwana ashirin ya zauna jarrabawarsa ta ƙarshe, wadda ya shafe shekarun nan yana jira. Ya ce zai bar ta ya taho. In ya bari, sai wata shekarar, in ma an sake ba shi dama.

Ranar farko Hambali ya ɓata ta wajen tayar da janareta da jan waya zuwa zaure. Ya haɗa rauta da kwamfuta, ya buga lambobin da ke jikin takarda, wani shafi ya buɗe cike da akwatunan da bai san me ake zubawa a cikinsu ba. Littafin bayanin rabi Turanci, rabi wani rubutu kamar tafiyar kaza. Ya yi ta tura wa Ibrahimu saƙo, amsa na zuwa a makare, don can sun riga mu da awa bakwai. Rana ta biyu ya hau babur har kasuwar waya a Kano, wani mai gyara ya rubuta masa abin da zai sa a kowane gurbi a bayan kwalin sigari. Ya dawo ya cike, aka nemi ya raɗa wa abin suna, ya rubuta Gidado, don kwamfutar ba ta da harafin da ya dace. Aka nemi lambar sirri, ya sa lambar babur ɗinsa don kada ya manta. Duk da haka fitila ja.

Matarsa Barira ta ce tun da aka kawo kwalin nan bai ci tuwo ya ƙoshi ba, kullum hannu ɗaya a kwano, ɗaya a waya. Bai musa ba. Ta katanga suna jin tarin Baffa, kuma kowace rana tarin yana ƙara gajarta.

Shi Baffa ya ce babu ruwansa da kayan yaron nan, a ajiye wa mata su yi kallo. Amma duk sanda Hambali ya gifta ta ƙofar ɗakinsa sai ya ji muryar a shaƙe: "Malam, abin naku bai gaji ba?"

A hawa na huɗun nan ne, da ya matsa ƙarshen soro ta yamma ya miƙe hannu iya tsawonsa, fitilar ta ƙifta ta koma kore. Ya sauke hannu kaɗan, ta koma ja. Ya ɗaga, kore. Ya tsaya haka hannu a sama kamar mai rantsuwa, ya kasa ko motsi, sannan ya roƙi Inna Saude ta miƙo masa gorar da ake kakkaɓar mangwaro da igiyar ɗaure ɗan maraƙi. Ya ɗaure rautar a kan gora, ya kifa mata robar wanke-wanke saboda rana, ya kafe gorar a jikin zankon soro. Sai da ya ƙara wayar wuta biyu kafin ta kai.

A tsakar gida kwamfuta ta nuna sandar sabis huɗu. Ya ɗauke ta a buɗe yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono. Bakin rumfa, uku. Bakin ƙofar Baffa, ɗaya. Ya sa ƙafa cikin ɗakin, babu ko ɗaya. Ya fita, ta dawo. Ya shiga, ta ɓace. Ya gwada kan kujera, ya gwada kan akwatin kaya, ya ɗaga ta sama har ta kusa taɓa kwanon rufi. Ginin ƙasa ne mai kauri, Baffa da hannunsa ya yi shi.

Ya kawo shawara a ɗauko Baffa a kan tabarma a fito da shi rumfa. Tsohon ya girgiza kai. Ba za a ciccibe shi kamar buhu a gaban kowa ba, in ji shi, balle a gaban wancan. Hambali ya zauna a bakin gado, kwamfuta a cinya, ya ji kamar ya jefar da ita. Ranar Juma'a ce. Ma'aikacin lafiyar da ya zo da safe ya ja shi gefe ya ce in akwai wanda ake son ya gana da shi, kada a jira mako.

Can sai Baffa ya tambaye shi, shi wannan abin ta ina yake bi ya shigo. Hambali ya ce ta iska, daga kan soro, amma bango na tare shi.

"To ai ba ka buɗe masa hanya ba," in ji Baffa. Ya ɗaga yatsa da ƙyar ya nuna tagar ƙarfen da ke saitin kansa, wadda aka buga wa ƙusa tun wata damina da ta yi ta yoyo. "Cire ta."

Da bakin fartanya Hambali ya ɓamɓare ta. Haske ya faɗo kan gadon, tare da ƙurar shekaru da wani tsohon gidan zanzaro. Ya sake hawa soro, karo na biyar, ya matsar da gorar taku biyu yadda za ta kalli tagar, yana addu'a kada koren ya gudu. Bai gudu ba. Da ya dawo ɗakin ya ɗora kwamfutar kan turmi kife a ƙarƙashin taga, sai ga sanda uku.

Lokacin azahar ta gota, can kuwa dare ya yi. Aka tsayar da washegari ƙarfe goma.

Da hantsin Asabar Hambali ya tarar da Baffa a zaune, an tokare shi da filo uku. An sa masa farar rigar da yake zuwa idi da ita, ta yi masa yawa yanzu, da hula. Har kwalli ya sa an zizara masa. Inna Saude na tsaye daga bakin ƙofa, mayafi a baki. Hambali ya danna kira. Abin ya yi ta ƙara, ya katse. Ya sake. Na uku sai ga fuskar Ibrahimu ta cika gilashin, da gemun da ba a san shi da shi ba, hoton na tsayawa yana tafiya. Ya yi sallama, muryarsa ta iso kafin leɓensa ya motsa. Ya ce, "Baffa," sai ya kasa ci gaba.

Baffa bai kalli gilashin ba. Sai ya kalli Hambali.

"Malam, tambaye shi ko yana cin abinci. Na ga ya rame."

Hambali ya buɗe baki zai ce ai yana jin ku, ya fasa. Ya juya ya maimaita tambayar. Ibrahimu ya ce yana ci. Baffa ya ce a tambaye shi ko akwai nono a ƙasar. Aka ce akwai, na kwali. Tsohon ya ɗan taɓe baki. Haka aka yi ta yi, Hambali na tsakiya yana kai magana yana kawowa tsakanin mutum biyu da ke jin juna. Aka faɗa wa Ibrahimu an gyara bakin ruwan gonar gabas, alkama ta yi kyau bana, jar saniya ta haihu mace. Sau biyu hoton ya daskare, sau biyu ya dawo. A lokacin da ya daskare ne kawai Hambali ya lura Baffa yana juyowa ya ƙura masa ido.

Ibrahimu ya ce ya nemi jirgi, ranar Talata zai taso.

Baffa ya daɗe yana neman numfashi. "Ka ce masa kada ya taso. Abin da ya kai shi, ya gama shi. Ni na ce." Ya huta. "Ka ce masa babu komai tsakaninmu. Tuntuni."

Wannan Hambali bai maimaita ba. Ya ga Ibrahimu ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa na rawa, sai janareta ya yi tari ya mutu. Hambali ya zabura zai fita ya ƙara mai, Baffa ya riƙe masa bakin riga ya ce ya bari, ya isa haka, a kwantar da shi.

Ranar Lahadi bayan azahar Baffa ya cika. Hambali na tsakar gidansa yana duba takardun ɗalibai da ya tara kwana huɗu bai taɓa ba, ya ji salatin Inna Saude ta katanga, ƙasa-ƙasa. Kafin la'asar ta yi sanyi an kai shi. Manoma suka baro gonaki da taɓo a ƙafa, Fulani suka zo daga rugagen Bunkure da Madobi, sahu ya kai har bakin kanal. Hambali ne ya kira Ibrahimu ta waya ya faɗa masa. Ibrahimu ya ce zai zauna jarrabawar, tunda an ce ya zauna.

Bayan sadakar uku, da mutane suka ragu, Hambali ya shiga da niyyar sauko da rautar ya mayar kwali kafin hadarin farko ya same ta. Inna Saude ta ce ya bar ta tukuna. Ta tambaye shi ko a rumfa ma tana kamawa. Ya ce nan ta fi kamawa.

Ya tayar da janareta, ya ɗora kwamfutar kan kujera 'yar tsugunno, ya danna kira. Ibrahimu ya fito a wani ɗan ɗaki, littattafai jibge a gabansa, hasken yamma a bayansa. Ya gaishe ta, ta amsa tana kallon gefe. Ya tambayi haƙuri, ta ce da godiya. Daga nan babu wanda ya nemi a kashe.

Hambali ya sa takalmansa. Daga bakin zaure ya waiwayo: ta jawo faifan shinkafa kan cinyarta tana tsince tsakuwa, shi kuma can ya sunkuya kan littafi yana juya shafi.