Farfajiyar Tsohon Direba

A layin bayan jami'a kowa da abin da yake faɗa a kan Tsohon Direba. Mai shagon kan kwana ya ce mutumin kirki ne, sai dai in ya kama ka da hira, ka nemi wurin zama. Matan layin suka ce tun da matarsa ta rasu, ido kuma ya raba shi da tuƙi, ba ya zuwa ko'ina. 'Yarsa da ke aure a wata unguwa cewa take babanta bai iya zama hannu rabbana ba.

Shekarar da motoci suka yi wa jami'a yawa, har ana toshe wa mutane ƙofar gida, aka gaji da rigima aka kafa kwamiti, rabi 'yan jami'a rabi mutanen gari. Aka yanke cewa duk mai farfajiyar da ba ya amfani da ita da rana ya bayar, a haɗa shi da ma'aikacin jami'a ɗaya da zai riƙa ajiye mota a ciki, jami'a kuma ta gyara titin layin. Tsohon Direba ne ya fara miƙa sunansa. Aka haɗa shi da wata malamar lissafi mai ƙananan yara, wadda kullum a makare take.

Kafin ta iso ya buɗe ƙyaure. Yana tsaye yana yi mata hannu, ta karya dama, ta ƙara baya, alhali wurin ko babbar mota zai ɗauka. Da yamma ta tarar da motar an wanke ta fes har tayoyi. Sai kuma hira: ƙarar da ya ji a injin, hanyoyin da ya bi a zamaninsa, halin iyayen gidansa na dā. Ita kuwa jaka a kafaɗa, takardun ɗalibai a hannu, yara na jira a makaranta. Ta roƙe shi ya daina wahalar da kansa. Ya yi dariya, ya ce ai zaman ne wahalar.

Wata rana hirar ta yi tsawo, ta tarar da ƙaramin ɗanta shi kaɗai a ƙofar makaranta, ya yi kuka har ya gaji. Washegari ta biya ofishin kwamiti ta ce a sauya mata gida, ba ta jin daɗin wurin. Sakataren bai ɗago kai ba. Ba ta san cewa a ƙa'idarsu duk gidan da aka yi ƙorafi a kansa cire shi ake ɗungurungum ba.

Aka ba ta wuri a filin bayan kasuwa, inda rana ke dafa mota. Hanyarta ta zuwa aji ta layin tsohon ta bi. Ta hango ƙyauren a buɗe, tsohon na zaune a kujera yana kallon titi. Daga ranar ta koma zagayawa ta wani layi.

A kanti 'yarsa ta tare ta. Bayan gaisuwa ta rage murya.

"Malama, don Allah me Baba ya ɗaukar miki a mota?"

Ashe da kwamiti ya cire gidan bai faɗi dalili ba, sai layin ya ƙirƙiro nasa. Har an daina ba shi ajiyar makulli in za a yi tafiya.

Malamar ta koma wurin sakataren. Ya ce mayar da gida sai kwamiti ya zauna, kuma in 'yan jami'a sun zo mutanen gari ba sa zuwa, in waɗannan sun zo waɗancan na taro. Ta ɗan jira, in ji shi.

Daga can ta wuce layin da ƙafa. Mai shago na zaune a benci da maƙwabta, duk suka bi ta da ido. Tsohon ya miƙe da ƙyar, ya tambayi yara, ya tambayi inda aka kai ta. Da ta faɗa masa, ya girgiza kai.

"Wannan filin ai fentin mota zai kashe miki. Kada ki damu, 'yata, aikin kwamiti ne. Su ma ba su san abin da suke yi ba."

Ta sauke jakarta ƙasa. Ta ɗaga murya yadda na kan benci za su ji.

"Ba su ba ne, Baba. Ni na je na ce a sauya mini, don na gaji, ba don ka yi mini komai ba. Ko allura ban taɓa nema na rasa ba. Ka yafe mini."