Rabin Minti Ba Ya Isar Kawu Gaisuwa

...kuma ba ita ya kira ba ma, nan ne abin yake cin Sa'adiyya. Kawu Bahauddeen, mai karɓar kayan Baba a Dapaong, yana da lambarta ta hannu, ya haddace ta, amma ya tsallake ya buga wayar ofis, ya danna lambar ɗakin Baba. Baba kuwa, Alhaji Kassimu mai manyan motocin, ya tafi suna Langabou tun safe, ya kulle ɗakinsa ya tafi da makulli, wayarsa ta hannu tana can a yashe cikin mota kamar kullum. Saƙon ya faɗo akwatin saƙon wayarta ne don ita ta saita haka — duk abin da aka bar wa Baba ya gangaro wurinta, tunda ya rantse ba zai zauna wata mata tana ba shi umarni da Faransanci daga cikin waya ba.

Sallar la'asar kawai ta je fa. Ta dawo ta tarar da jar fitila tana ƙiftawa.

Tana sake dannawa.

"Salamu alaikum, Alhaji. Bahauddeen ne daga Dapaong. Ina wuni? Ina gajiya? Ya mutanen Sokodé, ya iyali, ya ƙafar Hajiya? Madalla, madalla. Ya biro, ya kasuwa? To, Alhaji... dama maganar kamiyon nan ne da Talle ya taso da shi da asuba, wato..."

Ƙit. Sai matar nan ta Faransanci, murya sumul kamar ba ta taɓa jin yunwa ba, tana tambaya: a goge ko a adana?

Wato me? Wato ya iso lafiya? Wato taya ta fashe, doya ta zube a titi, a turo wata mota? Talle mijinta ne, jama'a. Mijinta. Ba buhun gari ba ne da za a faɗi rabinsa a bar rabi.

Wa ya yanke maganar? Ita. Ba aljani ba, ba kamfanin waya ba. Ranar da Karim mai haɗa wayoyi ya zo, ya tambaye ta tsawon da za a ba kowane saƙo, ta ce rabin minti. Akwati yana cika da gaisuwa, dillalan doya su gaida kowa har jaririn da ba a haifa ba, ita kuma ga aiki a gabanta. Karim ya yi dariya har da riƙe ciki. "Madam, mutanenku rabin minti ko sallama ba ya isar su." Ta ce za su koya. Da bakinta ta faɗa, tana gyara gilashi, ita a dole 'yar boko... za su koya.

Kawu ne zai koya? Mutumin da yake gaida na'ura yana amsa wa kansa madalla? Da za ka gaya masa gidansa yana cin wuta, sai ya tambaye ka kwanan iyali kafin ya nemi guga.

Wayar Talle — ba a samu. To, ai bayan Kanté haka layi yake, ya zo ya ɗauke, ya zo ya ɗauke. Ko caji ya ƙare. Talle da caji, sai ka ce an yi musu baki. Amma da asuba ya tashi... yanzu la'asar ta yi sanyi. Ko da rarrafe motar take yi ai ta isa Dapaong.

Wayar Kawu ta hannu — tana shiga. Tana ta ƙara, tana ta ƙara, har ta gaji ta katse. Yana kallon ta. Sa'adiyya ta san yana kallon ta, yana ganin sunanta a rubuce, yana shafa gemu. Ko kuwa yana masallaci? Ko yana wurin sauke kaya, hayaniyar kasuwa ta hana shi ji? E, haka ne ma. Haka ne. A'a.

Ta sake saurare, a wannan karon ba maganar take bi ba, sunaye take bi. Mutanen Sokodé. Iyali. Ƙafar Hajiya. Biro, ofis ke nan. Kasuwa... Ina ita? Tun da aka sa wayar nan bai taɓa barin saƙo bai ce "ya 'yata ta biro?" ba. Yau bai ce ba. Ba na'ura ce ta yanke wannan ba, wurinsa yana tsakanin Hajiya da kasuwa, kuma babu shi. Ya iso kan sunanta ya kewaye, kamar mai tafiya ya ga rami.

Ta san yadda ake yi in mummunan labari ne. Wa ya fi ta sani? Ba a gaya wa matar. Babba ake nema, namiji, shi zai tura mata su je su zauna da ita tukuna. Bara, da motar Fa'izu, wani direban Baba, ta ƙwace a gangaren Défalé, ita aka tura gidan matarsa Hafsatu. Ta zauna a tabarma tana taya ta tsinke yakuwa, Hafsatu tana ba ta labarin telan da ya ɓata mata atamfa, tana dariya har da hawaye. Ita ma ta yi dariyar. Ta sani, ta yi dariyar, kunnenta yana ƙofa yana jiran takalmin Baba. Allah ya jiƙan Fa'izu. Har yau Hafsatu ba ta kallon ta ido da ido...

Ƙofar ofis. Ba kowa. Mai babur ne ya tsaya a bakin titi, wata mata tana sauka. Nan za ta shigo? Mayafinta irin na... a'a, ta wuce. Ta wuce shagon mai ɗinki. Tsoro Sa'adiyya take ji, tsoro tsagwaronsa.

Da asuba ko tashi ba ta yi ba. Talle ya tsaya a bakin ƙofa da jakarsa, yana warin man inji da sabulu. "Madam sakatare, na tafi." Ta ce masa daga cikin zane, "Ja ƙofar, sauro." Shi ke nan? Ba Allah ya kiyaye hanya? Ta faɗa mana. Ta faɗa a zuci. Ta faɗa kuwa?

Zama ba zai yiwu ba. Abu ɗaya ne a hannunta, ta buɗe wa saƙo hanya, in Kawu ya sake kira ya gaida Togo gaba ɗaya ya kuma faɗi abin da ke bakinsa. Tana ɗaga kan wayar. Lambar sirri. Matar ta ce ba daidai ba. Ta sake bugawa. A hankali... yanzu ta buɗe. Don sauraron saƙonni, danna kaza. Don canza maganar tarbar masu kira — ba nan ba, ba nan ba, amma yatsa ya riga ya taɓa, sai ga muryarta ita kanta, fes, cike da iyayi: "Kun samu ofishin sufuri na Alhaji Kassimu. Ku bar saƙonku a taƙaice."

A taƙaice. Ji ta don Allah.

Koma baya. Saitin akwati. Yawan saƙonni. Tsawon saƙo — ga shi. Matar tana karanto zaɓi ɗaya bayan ɗaya, ba ta sauri, me zai sa ta sauri, ba ta da kowa a hanya...

Ƙarar waya.

Ba tata ba. Ta bayan bango, ɗakin Baba, ɗakin da ke kulle. Kawu ne. Wa zai kira ɗakin Baba yanzu in ba shi ba? Karim ya ce akwai yadda ake janyo kiran wani ɗaki zuwa naka, ta ce ya bari sai wani zuwan. Ta ajiye ta ruga ta daki ƙofa? Ƙofa za ta amsa? In ta ajiye yanzu saitin bai zauna ba, rabin mintin yana nan, zai sake yanke shi a wato. Tsaya. Tsaya, Sa'adiyya. Mafi tsawo — danna. Don tabbatarwa... yi magana mana, baiwar Allah! Danna. An adana.

Ƙarar ta tsaya.

To, Kawu, ga fili. Gaida kowa. Gaida ƙafar Hajiya, gaida kasuwa, gaida 'yarka ta biro, don girman Allah ka gaida ta. Za ta jira. Yau ko zuwa magariba zai kai, za ta...

Jar fitila. Har ya gama? Da wuri haka?

Kan wayar yana kunnenta, ba ta san lokacin da ta danna ba. Iska. Hayaniyar mutane can nesa. Numfashin tsoho.

"Alhaji."

Ba sallama. Ba ina wuni. Yatsanta ya sauka kan maɓallin dakatarwa, ya danne, ya ƙi ɗagawa.

Kawu bai yi gaisuwa ba...