Dangi Sun Isa

Sharhabilu bai so Yaya Mas'ud ya kai shi taron ba, amma babur na Yaya ne, ya zai yi? Tun da motar albasa ta kife da shi a hanyar Bakolori, daga ƙugu zuwa ƙasa sai dai a ɗauka a ajiye. Mai ɗaukar kuwa guda ce, matarsa Raliya. Ita ke kai shi bayi, ita ke masa wanka, ita ke juya shi kada bayansa ya yi gyambo. Ga ta yanzu da tsohon ciki, ungozoma ta ja mata kunne cewa in ta ci gaba da ciccibar ƙaton namiji, kada ta kuka da kowa ranar da cikin ya zube.

Shi ya sa da ya ji wata ƙungiya ta kira taro a Talata Mafara don jin ra'ayin jama'a kan tura masu kula da naƙasassu har gida, ya kafe sai ya je. Su uku suka hau babur daga Faru, shi a tsakiya, Raliya a baya tana riƙe da shi.

Wai taron jin ra'ayi! Maza aka jera a kan benci cikin zauren, matan da ke wankin kashin kuwa aka ce su zauna waje ƙarƙashin darbejiya. Aka shimfiɗa wa Sharhabilu tabarma a bakin ƙofa, wajen takalma. Bayan gaisuwar da ta ƙi ƙarewa, Mukhtar, jami'in ƙungiyar, ya bayyana cewa duk garin da ya yarda za a tura masa wanda aka horar, namiji ga maza, mace ga mata. Garin da ya ƙi, a tsallake shi. Kowane gari kuma mutum ɗaya zai yi magana da yawunsa.

Da aka zo kan Faru, Mas'ud ya miƙe yana gyara babbar riga. Ya ce su ba su gaji wannan abin kunya ba, baƙo ya ratso gida ya ga tsiraicin ɗan uwanka, gobe a ce zuri'ar wane ta gaza. Ya nuna tabarma, ya ce ga ƙanensa nan, a dube shi, tas da shi. Dangi sun isa. Dattawan Bakura da na Maradun suka dinga gyaɗa kai.

Sharhabilu ya ɗago kai ya dubi wansa. Mutumin nan ko butar alwala bai taɓa miƙo masa ba! Ya san ƙane ba ya tanka wa wansa a bainar jama'a, amma ya hango Raliya ta taga, dafe da ƙugu.

"Yaya," in ji shi, "tun da na kwanta, sau nawa ka ɗaga ni? Ina son mai kula ɗin. Ni ke kwance, ba kai ba."

Zaure ya hargitse. Wani ya ce ciwo bai koya masa ladabi ba, wani ya ce mace ce ta zuga shi. Mukhtar ya yi ta ba da haƙuri, can ya ce ai wakilin Faru ya riga ya yi magana, sai dai a duba nan gaba. Ya kira wakilin garin Tsibiri.

Mas'ud ya tashi. Ya tsallake ƙafafun ƙanensa, ya zura takalmi ya fita, sai ƙarar babur aka ji ta nufi hanyar gida.

Da aka shafa fatiha, masu gyaɗa kan nan suka bi ta gefen tabarma ɗaya bayan ɗaya, kowa na laluben takalminsa, ba wanda ya dube shi. Zaure ya zama wayam. Mai shara ta tsaya da tsintsiya tana jira.

Raliya ta shigo, ta ɗaure zane a ƙasan cikinta, ta durƙusa ta ba shi baya yadda ta saba.

"Bari," ya ce. "Don Allah ki bari."

"To wa za ka jira?" in ji ta.

Ya dubi ƙofa, babu kowa. Ya ɗora hannayensa a kafaɗarta, ya ji ta ja numfashi, ta yunƙura.