Hannun da Bai Ci Gishiri Ba

Duk Lahore an san Nawazish matsoraci ne, shi ma bai taɓa musu ba. Ƙanin Dilawar ne, mutumin da babu buhun kwal da ke shiga birnin sai da yardarsa, amma shi ko kaza aka kwantar za a yanka sai ya kau da kai. Tun da tukunyar tururi ta fashe ta tafi da hannunsa na dama, yayan nasa ya sa aka ƙera masa na tagulla, aka ɗaure a kafaɗa da kusoshin da maƙeri kaɗai ke iya kwancewa. Hannun kirki ne, yana riƙe kofin shayi, yana jan carbi. Jikansa Babur kuwa ba shi da abin wasan da ya fi yatsun nan.

Ranar da za a yi sulhu da gidan Jahandad, masu bututun tururin birnin, Nawazish ya je maƙera da safe a mayar masa da hannun, don Dilawar ya sa an cire shi wai a zuba masa mai. Piran maƙeri, wanda bakinsa ba ya hutawa, ranar ko gaisuwa da ƙyar ya amsa. A tsakar gidan an kakkafa gora masu kauri, kowace an naɗa mata tsumma a ka, kowace kuma ta farfashe daidai tsayin wuyan mutum.

"Waɗannan fa, Piran? Da gora kake faɗa yanzu?"

"Gwaji ne, ranka ya daɗe." Ya ɗaure kusar ƙarshe. Sai da Nawazish ya kai bakin ƙofa ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Don Allah yau kada ka ɗaga yaron nan sama."

Nawazish ya juyo, amma Piran ya riga ya shige ciki ya turo ƙofa.

A cikin keken tururi ya fara jin abin. Hannun da ya sani shiru yake aikinsa, wannan kuwa yana wani ƙas-ƙas a gwiwa kamar an ɓoye agogo a ciki. Dilawar na gefensa yana taunar ganyen pan, goron mutanen ƙasar, fuska sake.

"Kai za ka naɗa wa tsoho Jahandad rawanin sulhu," in ji shi.

"Ni, Yaya? Ai kai ne babba."

"Surukinka ne ko nawa? 'Yarka ce a gidansa. Ban da haka, wa zai ji tsoron kawo maka wuyansa? Kai da ko sauro sai ka nemi gafararsa." Ya yi dariya, ya ƙwanƙwasa tagullar da zobensa. "Ka ɗaga hannu sosai dai. Tsohon dogo ne."

Nawazish ya haɗa zancen a ransa. Gora mai tsumma a ka, kada ka ɗaga yaro sama, ka ɗaga hannu sosai. Biri ya yi kama da mutum.

Dokar manyan gidajen Lahore guda ce, kuma ita ta hana su cinye juna ƙarƙaf: wanda ya ci gishiri a faranti ɗaya da kai, hannunsa ya haramta a kanka. Duk wanda ya karya wannan, sauran gidajen za su haɗu su ƙone shi da zuriyarsa. Shi ya sa da an ci gishiri ake ajiye bindigogi, 'yan tsaro su ja baya. Mutanen nan sun yarda da gishiri fiye da yadda suka yarda da iyayensu mata, kuma cikin wautarsu babu wanda ya taɓa tambayar ko tagulla na cin gishiri. Dilawar kaɗai ya tambaya. In hannun ya shaƙe tsoho Jahandad, sai ya ce inji ne ya lalace, rantsuwarsa na nan daram. Su kuwa mutanen gidan ba za su tsaya sauraron hujja ba. Jinin Dilawar mafi kusa da wuƙarsu shi ne Gulnar, 'yar Nawazish, da ɗanta.

Gidan Jahandad ya cika maƙil. Bututai na huci a bango, fankoki na juyawa, ƙamshin shinkafa da naman rago ya cika zauren. Gulnar ta tarye shi da Babur a kafaɗa.

"Baba, ka rame! Ba a ba ka abinci a gidan can ne?"

Yaron ya miƙo hannuwa a ɗauke shi. Nawazish ya ja da baya har ya taka ƙafar wani.

"Anjima," ya ce. "Kai shi ciki. Can ciki, Gulnar."

Ba ta kai shi ba, ta tsaya bakin labule tana kallon ikon Allah.

Aka zauna. Aka kawo farantin azurfa cike da gishirin dutse, ja-ja, an daddaka shi tsakuwa-tsakuwa. Tsoho Jahandad ya ɗauka ya sa a baki, Dilawar ya ɗauka, shugabannin sauran gidajen da suka zo shaida suka ɗauka. Nawazish ya ɗauki nasa da hagu kamar kullum, ya sa a baki. Ya ji ƙarar bindigogi ana jera su a ƙasa. In ya buɗe baki ya tona, a nan zauren za a fara yanka, Gulnar na tsaye a bakin labule. In ya ce ba zai naɗa ba, Dilawar zai samo wata hanyar, shi kuma ba zai ga gobe ba. Gaba kura, baya siyaki. Hannun kuwa sai ƙas-ƙas yake a cinyarsa.

Aka miƙo masa rawanin, fari sol.

"Tashi mana," in ji Dilawar. "Ko ƙafar ma ta tagulla ce?"

Aka yi dariya. Nawazish ya tashi, ya yi taku ɗaya, sai ya tsaya a gaban farantin. Ba jarumta ba ce, kada a yi masa ƙarya. Tsoro ne ya kai shi bango, har ya ga abin da bai gani ba da.

"Yaya," ya ce, muryarsa siririya kamar ta yaro, "akwai wanda bai ci ba."

"Waye?"

"Wannan." Ya nuna hannun. "Ya za a yi ya taɓa kan dattijo bai ci gishirinsa ba?"

Zauren ya ɗauki dariya, wani har da buga cinya. Mutum biyu ne ba su yi ba, Dilawar da tsoho Jahandad. Nawazish ya durƙusa, ya buɗe ɗan murfin da ake zuba mai a gwiwar hannun, ya dumbuzi gishiri ya cusa. Ya ƙara, ya danna da babban yatsa har fatarsa ta yage.

"Ya isa haka, kai!" Dilawar ya daka tsawa. "Ka san kuɗin abin nan?"

Nawazish bai waiwaya ba. Ya matsa gaban tsohon, ya runtse ido, ya ɗaga hannun.

Wani abu ya ce ƙaras a ciki. Hannun ya zabura da kansa ya nufi maƙogwaron Jahandad, yatsu a buɗe. Sai haƙoran injin suka ci karo da gishiri, suka yi wani gurnani kamar dutsen niƙa ya gamu da tsakuwa. Yatsun suka lanƙwaso, suka yi karkarwa, suka shafi gemun tsohon, suka tsaya cak. Hayaƙi mai wari ya fito ta gwiwa.

Dariyar ta mutu. Jahandad bai motsa ba. Ya daɗe yana kallon yatsun, sannan ya ɗaga ido ya kalli Dilawar.

"Gishirin gidana da ƙarfi," ya ce a hankali. "Ka ga ya ɓata wa bawan Allah hannu. Naɗa mini da hagun, suruki, zan riƙe maka bakin."

Haka aka naɗa rawanin, a karkace. Da aka tashi watsewa Dilawar ya dafa kafaɗar ƙaninsa, yana murmushin da ya tsaya a haƙora.

"Taho mu je gida a duba maka hannun."

"A nan zai kwana," in ji Jahandad. "Yau da gobe da jibi. Ina da maƙera nima."

Dilawar ya fita ba sallama. Nawazish ya zube a kan darduma, mataccen hannun a sanƙare a gefensa, yatsun rabi a rufe. Bai ga tahowar Babur ba sai da yaron ya rarrafo yana ɓangala dariya, ya miƙa ɗan hannunsa zai sa cikin tafin tagullar kamar yadda ya saba.

"Kar ka taɓa!"

Tsawar ta amsa har soron zauren. Bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba a rayuwarsa, sai yau, kan jikansa. Yaron ya tsala ihu. Gulnar ta sure shi ta rungume, ta galla wa ubanta harara, idonta cike da ƙwalla.

"Haba, Baba! Me ya yi maka?"

Nawazish ya ja jiki nesa da yaron. Ya sa hannun hagu ya danne na daman a ƙasa da duk ƙarfinsa, bai saki ba har maƙerin Jahandad ya iso.