Dutsen Tulun Kabeji

Bas ta sake tsayawa a danja, Dokta Lieske Voncken ta duba agogo. Sha ɗaya da kwata. Da sha biyu motar kwasar tarkace za ta iso gidan Gwaggo Fien a Kerkrade, don yau za a kai ta gidan kula da tsofaffi.

Ta gyara jakar da ke cinyarta. A ciki akwai ɓarin dutse, faɗinsa kamar faranti, a fuskarsa hoton wani ganye mai kama da gashin tsuntsu, wanda ya kwanta a ƙasa shekaru miliyan ɗari uku. Mahaifinta Sjeng ne ya fito da shi daga ramin kwal kafin a rufe ramukan. Shekara talatin Lieske tana cewa ba a taɓa ganin irin wannan tsiro ba, abokan aikinta a jami'ar Leiden suna cewa, "Ina ƙwayoyin irinsa? Nuna mana." In aka tsaga dutse, ganye yakan bi ɓari ɗaya, ƙwayoyin su manne a ɗayan. Sai jiya, a bayan wani tsohon hoto, ta ga rubutun mahaifinta: ɗaya ɓarin na wurin Huub. Al'adar 'yan rami ce, abin da aka tsaga tare a raba shi biyu. Huub kuwa marigayi mijin Gwaggo ne. In ta sami ɓarin, za ta raɗa wa tsiron sunan mahaifinta kafin ta yi ritaya ran Juma'a.

Ta sauka daga bas da sauri har tana tuntuɓe. Twan, ɗan Gwaggo, yana jefa kujera cikin babban akwatin shara a ƙofar gida.

"A'a, manyan Leiden! Kin zo taya mu ɗaukar kaya, ko duba lafiyar tsakuwa?"

"Twan, ka zubar da wani dutse?"

"Ke dai da an bar ki da dutse za ki aura. Na zubar da bulo ya fi ashirin."

Ta ajiye jakar ta haye akwatin da takalminta na ofis. Katifa, fitila, kwalaben jam na shafa wa burodi, hular kwanon 'yan rami da ta tsage. Ta juya bulo bayan bulo, yatsanta ya yanke, ba ta kula ba.

"Lieske!" Gwaggo Fien ce a taga, sanye da kwat ɗinta tun safe. "Sauko daga nan, maƙwabta na kallo. Ga kofi."

"Gwaggo, dutsen Baba Huub nake nema. Baƙi, mai faɗi, daga rami."

"Au, na kabeji? Yana ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Wa zai zubar da shi? Ba a samun mai nauyinsa yanzu."

Lieske ta sauka matakala bibbiyu. Tulun da ake jiƙa kabeji da gishiri yana lungu, da faifan katako a bakinsa, da dutse a kai yana danne shi. Ta ɗauko shi ta kawo teburin kicin, ta fito da nata, ta haɗa. Suka zauna daram, ko gashi ba zai shiga tsakani ba. Ta buɗe su kamar littafi.

Ɓarin Huub sumul yake. Ko ɗigo babu.

Ta sa gilashin ƙara girma, ta karkata shi wajen taga. Sai layukan karce, dubbai, duk sun bi hanya ɗaya.

"Kin ga yadda ya yi fes?" in ji Gwaggo, tana yanka mata kek mai 'ya'yan itacen ceri. "Da Huub ya kawo shi, duk dauɗar rami ce. Na ce abin da zai hau abincin 'ya'yana? Buroshin ƙarfe na sa masa, duk Asabar, tare da dakalin ƙofa."

Lieske ta zauna. A waje motar ta iso, ana jin sarƙa na ƙara, Twan na yi wa direba tsiya.

"Sawun ganyen bai ba ni wuya ba," Gwaggo ta ci gaba. "'Yan ƙulla-ƙullan nan ne masu taurin kai. Kamar barkono, a jere layi biyu ƙarƙashin kowane reshe, kowanne da ɗan baki a tsage gida uku. Sai da na bi su da tsinken saƙa ɗaya bayan ɗaya. Sanyin shekara guda cur na yi a kansu."

Gida uku. Haka Lieske ta zana su tun tana ɗaliba, aka yi mata dariya. Babu mujallar da za ta karɓi shaidar tsohuwa da tsinken saƙa, ta sani.

"Mama, lokaci ya yi!" Twan ya ƙwala daga ƙofa.

"Jira mu," Lieske ta ce. Ta juya takardar da aka naɗo kek a ciki, ta miƙa wa Gwaggo fensir. "Guda nawa ne a kowane layi?"

Gwaggo ta lumshe ido, ta fara ƙirgawa da yatsu.